Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin tsohuwar makarantarmu da kwamitin tsofaffin ɗalibai kan ɗakin karatun marigayi Malam

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ranka ya daɗe shugaban makaranta, malamanmu da ke riƙe da ragamar gudanarwa, iyayenmu na ƙungiyar iyayen ɗalibai, da yayyenmu na kwamitin tsofaffin ɗalibai, muna gaishe ku da aiki, muna kuma yi muku gaisuwar rashin da aka yi mana baki ɗaya. Allah ya jiƙan Malam, ya kyauta makwancinsa, ya sa abin da ya koyar ya bi shi da alheri.

Da yawun tsofaffin ɗaliban marigayi malaminmu na tarihi da labarin ƙasa nake wannan rubutu, tun daga waɗanda suka zauna ajinsa a ƙarshen shekarun 1980 har zuwa ƴan autan da ya raka jarrabawar bak, wato ta kammala sakandare, dab da ya ajiye alli. A cikinmu akwai ungozoma a Mirriya, akwai direban da ke jigila tsakanin Damagaram da Kano, akwai mai shagon atamfa a kasuwar Dole, akwai ma'aikatan gwamnati a Yamai, akwai kuma malaman makaranta masu yawa, ni ma a cikinsu nake. Ban kama sunan makarantar ba, ban kama na kowa ba, domin ba tonon silili muka fito yi ba. Wanda maganar ta shafa ya san da shi ake. Mun fara bin ƙofar da ta dace: mun aika takarda ofis, mun tura dattawanmu sun yi sallama. Amsar da suka dawo mana da ita ita ce ana duba lamarin. Ana ta dubawa har damina ta kankama, shi ya sa muka fito da maganar fili.

Abu na farko ba zan daɗe a kansa ba. Ranar da aka yi wa Malam sutura, jama'a sun cika ƙofar gidansa har layi ya toshe, masu kabu-kabu da suka taɓa zama ajinsa suka yi ta kai mutane maƙabarta ba su karɓi ko dala ba. Amma makarantar da ya yi wa aiki sama da shekara talatin ba ta aiko kowa da sunanta ba. Malamai ɗaiɗaiku sun zo a kan kansu, Allah ya saka musu da alheri. Ba a tara ɗalibai an sanar da su ba, ba a yi masa ko fatiha a gindin tuta ba. An yi addu'ar uku, an yi ta bakwai, an yi arba'in, iyalinsa na ta duban hanya. Har yau ƙofar gidan a buɗe take.

Abin da ya hana mu barci shi ne shawarar da kuka yanke kan ɗakin karatu. Tun ba a yi arba'in ba aka kwashe littattafan da ke ciki, aka mai da ɗakin wurin ajiye siminti da rodi na ginin katanga da sabuwar ƙofa, kuma an ce mana idan an gama ginin ofis zai zama.

Wataƙila wasunku da aka kawo makarantar daga baya ba su san yadda aka yi ɗakin nan ya samu ba. A watan Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Littafin da ake shigowa da shi daga Faransa kuɗinsa ya ninka, albashi kuma a lokacin sai a yi watanni ba a gan shi ba, yajin aiki na bin yajin aiki. Uban da ke fama da kuɗin hatsi ba zai sayi littafin labarin ƙasa ba. A wannan hali ne Malam ya roƙi shugaban makaranta na lokacin ya ba shi wani ɗaki da ake jibge karyayyun bencina a ciki. Shi da ɗalibai suka kwashe tarkacen, suka zaɓi katakon da ke da sauran amfani, wani kafinta a Zango ya haɗa musu kantoci. Littattafansa na gida ya fara zubawa, ya kwaso su a bayan tsohon babur ɗinsa. Sannan ya kafa doka: duk wanda ya ci bak, kafin ya tafi jami'a ya bar littafi ɗaya, ko da nasa na aji ne da ya gama da shi, ya rubuta sunansa da shekara a bangon ciki. Da haka kantocin suka cika, shekara na bin shekara. Daga baya wasu daga cikinmu suka haɗa kuɗi suka sa sola da ƙwan lantarki. Da ya yi ritaya ma bai bar wurin ba. Kowace la'asar yana nan a kujerarsa ta bakin ƙofa, da babbar rajista a gabansa. Ba a biyan ko sisi. Ka wanke hannu, ka ajiye katinka na ɗalibi, ka ɗauki littafi.

Na je na ga inda aka kai kayan. A bayan ɗakin mai gadi suke, cikin buhunan shinkafa, an jera su a ƙasa ba ko katako a ƙarƙashinsu, kwanon da ke sama kuwa yana yoyo ta wajen kusoshi. Mai gadin, bawan Allah, ya rufa musu leda iya ƙoƙarinsa. Na kwance bakin buhu ɗaya. Abin da hannuna ya fara taɓawa taswirar Afirka ta Yamma ce, wadda Malam ya manna a jikin farin yadi da ƙaro don kada ta yage, ta sha ruwa ta gefe ɗaya har tafkin Cadi ya narke ya zama tabo. A ƙarƙashinta akwai kaye, wato littafin rubutu, mai shuɗin bango. Na buɗe na ga rubutunsa, ƙanana a tsaye kamar yadda muka san shi: shekaru da jan biro, labari da shuɗi, a gefen shafi kuma sunan tsohon da ya ba da labarin, da unguwarsa, da ranar da aka yi hirar. Shafukan ƙarshe sun manne da juna. A jikin bango, dab da buhunan, gara ta riga ta ja hanyarta.

Ranka ya daɗe, waɗannan kaye ɗin su ne zuciyar maganar, don haka ka yi mini haƙuri in ɗan tsaya a kansu. Littafin aji in ya lalace ana iya sayen wani. Abin da ke cikin kaye ɗin nan babu shi a kanti ko a intanet. Duk dogon hutu Malam kan ba mu aiki: kowa ya je wurin kakarsa, ko kakansa, ko wani tsoho a unguwa, ya zauna ya saurara, ya rubuto abin da ya ji da Hausa, yadda aka faɗa, ban da gyara. Shi ma yakan hau babur ɗinsa ya shiga Birni da Zango da Garin Malam, ya je Tirmini, ya je Mirriya, ya zauna da majema da maƙera da makaɗa da zuriyar fataken da suka bi hanyar Agadas har Tarabulus. Abin da muka kawo ya tace, ya haɗa da nasa, ya kwafe da hannunsa.

A ciki akwai abin da tsofaffi suka ji daga iyayensu game da ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ita, da igwar da aka riƙa ƙerawa a garin nan a zamaninsa. Akwai bakin mutanen gari kan kisan hafsan Faransa Kyaftin Kazmaju a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, da karon da aka yi da sojojin Faransa a Tirmini a 1899. Akwai labarin 1906, lokacin da Faransawa suka ce an ƙulla musu makirci suka tuɓe sarki. Akwai muryar waɗanda suka ɗauki dutse da kansu a aikin dole kafin a soke shi a 1946. Akwai farin 1973 da 1974, akwai yunwar 1984 da mutanenmu suka sa wa suna El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya da aka yi a lokacin: wa ya sayar da shanunsa, me aka ci, ina aka yi gudun hijira. Akwai kuma abin da mutane ba su son a taɓo, wato cinikin bayi da arzikin garin nan ya ɗan jingina da shi. Malam bai ɓoye mana wannan ba, bai kuma yarda mu ɓoye wa kanmu ba. Tsofaffin da suka ba da labaran nan kusan duk ƙasa ta rufe musu ido. Kwafi ɗaya ne, shi ne wanda ke cikin buhu.

Da waɗannan kaye ɗin ya koyar da mu. Darasi da Faransanci yake yi kamar yadda tsari ya ce, amma in saura kwata a tashi sai ya rufe littafi ya ce, "To, ku me aka gaya muku a gida?" Sai ya raba allo biyu, ya rubuta abin da hafsan Faransa ya ce a rahotonsa a hagu, abin da tsohon Birni ya ce a dama, ya bar mu mu gano inda suka haɗu da inda kowa ya kare kansa. Na tuna ranar da ya tambaye mu dalilin da ya sa aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Wani ya ce ƙarancin ruwa, kuma duk wanda ya taɓa jiran mai ga-ruwa a garin nan ya san ba ƙarya ya yi ba. Wata ta ce kusancinmu da Kano, inda Ingilishi ke mulki. Wani ya ce Faransawa ba su taɓa sakin jiki da masarautar ba tun abin da ya faru da Kazmaju. Aka yi ta gardama har aka kaɗa ƙararrawa. Bai ba kowa gaskiya ba. Ya ce kowa ya je ya kawo shaidarsa ranar Litinin. Wata Asabar kuma ya kwashe mu a ƙafa muka zaga abin da ya rage na ganuwa, ya nuna mana barikin da Faransawa suka gina a kan duwatsu, ya ce mu duba mu gani gari yake tsaro ko gari yake sa wa ido.

Kada a ce don ya rasu muke zuzuta shi. Malam ba mai sauƙi ba ne. Maki yake bayarwa kamar daga aljihunsa yake cirowa. Wanda ya samu 12 cikin 20 a hannunsa sai ya zaga makaranta yana nuna takardar. In ka makara, a waje za ka ji darasin ta taga, ko da ɗan wane ne kai. Akwai cikin masu sa hannu a wannan takarda waɗanda suka yi shekara suna jin haushinsa. Su ne ma suka fi matsawa a rubuta ta.

Abin mamaki, a daidai lokacin da ake neman irin wannan kaya ruwa a jallo ne muke barin namu ga gara. A 2025 kundin da ƙasarmu Nijar ke tafiya a kansa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma duk malamin da ke aji ya san tambayar da ta biyo baya: ina littattafan da za a koyar da su? A garin nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973. Jami'ar garin nan tana ɗauke da sunan Farfesa Andre Salifu, ɗan Damagaram, wanda ya jagoranci taron ƙasa na 1991, wanda kuma tun 1971 ya wallafa bincikensa kan masarautar Damagaram a ƙarni na 19. Garin da ke da wannan gado bai kamata a ji cewa tarihin da aka tattara daga bakin mutanensa, da harshensu, ya ruɓe a bayan ɗakin mai gadi don a samu wurin ajiye siminti ba.

Sai yaran da ke makarantar yanzu, waɗanda su ne asarar ta fi shafa kai tsaye. Kun fi mu sanin su. Da yawa daga ƙauyukan Magariya da Matamai da Tanut suka zo, suna zaune a gidan dangi ko na wani mai tausayi, inda ɗaki ɗaya mutum shida ne, inda kafin yarinya ta buɗe kaye sai ta gama ɗiban ruwa da wanke-wanke. Watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ya fi tsanani kuma wuta ta fi ɗaukewa, shi ne lokacin bitar jarrabawa. Namiji yana iya ɗaukar littafinsa ya je ƙarƙashin fitilar titi ko ya raɓa wata fada ta samari. Mace ba ta da wannan. Ni kaina ɗakin nan ne ya kai ni bak. Mahaifina bai yarda in fita bayan la'asar ba sai da Malam ya je har gida ya zauna da shi a zaure, ya ce masa yana nan a bakin ƙofa har a kira magariba, kuma duk yarinyar da ba ta zo ba zai aiko a tambaya. Haka ya yi wa iyaye da yawa. A ɗakin ne kuma ake samun tambayoyin bak na shekarun baya, na sashen A da C da D, an jera su shekara-shekara cikin kwali, wasu da gyaran da malamai suka yi da hannu. Ɗan mai hali zai je a buga masa a shago, ko a ɗaukar masa malamin gida. Ɗan talaka wannan kwalin ne gatansa. Bana ƴan ajin ƙarshe sun shiga jarrabawa ƙofar na kulle.

Mun san uzurinku, kuma ba mu raina shi ba. Makarantar tana buƙatar katanga: awaki na shiga, masu babur sun mai da fili hanya, samarin da ba ɗalibai ba na zuwa su tsaya a bakin azuzuwa. Siminti kuwa in ya sha ruwa ya tashi aiki, kuɗin iyaye ne. Amma da kun tambaya, da an samu wuri. Ɗaya daga cikinmu yana da shago a Sabon Gari da ba kowa a ciki, ya ce a kai kayan ginin can kyauta har a gama aiki, kuma zai ba da amalanke.

Akwai kuma tambayar da ya kamata a yi kafin a taɓa ko littafi ɗaya: kayan na wa ne? Kaɗan ne a ciki na makaranta, suna da hatiminta. Sauran ko dai Malam ya saya da guminsa, ko mu muka bari da sunayenmu a jiki. Ya sha faɗa a gaban malamai da ɗalibai cewa ya bar nasa sadaka ga duk yaron da zai zo bayansa, kuma shaidun suna raye. In haka ne, wakafi ne, ku kuma masu riƙon amana ne. In kuma kun ce ba ku san da wannan magana ba, to dukiyar magada ce, cikinsu har da marayun da ba su balaga ba. Ta kowace fuska aka duba, ba kayan da za a zuba a buhu ba ne ba tare da an tuntuɓi kowa ba. Dukanmu mun san hadisin da ya ce in ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Biyu daga cikin ukun nan suna bayan ƙofar da kuka sa wa kwaɗo.

Iyayenmu na ƙungiyar iyayen ɗalibai, wannan taku ce. Lokacin da Malam ya yi ritaya ya ci gaba da riƙe ɗakin, kun yanka masa ɗan alawus na wata daga kuɗin da iyaye ke bayarwa. An rubuta a littafin taronku. An biya na wani lokaci, daga nan aka daina, shi kuma kunya ba ta bar shi ya tambaya ba. Mutuwa ba ta share bashi. Yanzu haƙƙin iyalinsa ne.

Yayyenmu na kwamiti, da ku maganar ta fi yi mini nauyi, domin tare muka yi kuka. Kwana biyu da rasuwar kuka yi shela a taimaka wa iyalin Malam. Mutane suka yi ta turowa ta wayar salula, mai jika biyu, mai jika hamsin, daga Yamai, daga Agadas, daga ƙasashen waje; akwai wadda ta sayar da tunkiyarta. Da sunan iyali aka karɓa. Sai ga shi mun ji kun yanke shawarar a yi bikin karramawa da kuɗin: a buga anko da hotonsa, a yi hayar rumfa da kujeru da lasifika, a sassaƙa sunansa a jikin sabuwar ƙofa. Ba a kira taro ba, ba a nuna wa kowa lissafi ba. Mutumin da ya yi shekaru da riga uku, da wane ido zai kalli atamfa mai hotonsa alhali ɗakin da ya fara ginawa a gidansa ba rufi?

Na shiga wurin Inna, uwargidansa. Tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, ba ta da halin zirga-zirgar ofisoshi. Takardun fanshon da za su koma hannunta suna buƙatar mai bi, daga takardar shaidar rasuwa zuwa ta zaman iyali zuwa abin da za a aika Yamai, kusan kilomita 900 daga nan. Babban ɗansu ne ke fama shi kaɗai, ya bar sana'arsa. Ƙannensa biyu suna makaranta. Ba ta yi mini ƙorafin kowa ba. Abin da kawai ta tambaye ni shi ne ko an samu wanda ke buɗe wa yara ɗakin, domin a kwanakinsa na ƙarshe mabuɗin yake ta cewa a kai wa wani. Na rasa abin da zan ce mata. A kwamitin nan akwai masu aiki a ma'aikatu a Yamai da za su iya gama wa Inna wannan wahala da ƴan kiraye-kirayen waya.

Ku kuma tuna akwai masu kallo. Tun ƙarshen shekarun 1990 da aka fara ɗaukar malaman sa-kai, daga baya na kwantiragi, har aka wayi gari su ne suka fi yawa a azuzuwan ƙasar nan, ga ɗan abin da ake ba su ba ya zuwa a kan kari. Saurayin da ya fara koyarwa bana yana ganin abin da aka yi wa wanda ya ba aikin nan rayuwarsa. Me zai sa ya zauna bayan an tashi don ya taimaki yaro? Tsofaffin malamanmu ma da ke raye suna gani. Wanda ya koya mana lissafi idonsa ya tafi, yana zaune a ƙofar gidansa a Garin Malam, da murya yake gane mu. Rabon da wani ya je masa da sunan makarantar tun ranar da ya miƙa mabuɗin aji.

Ga abin da muke roƙo. Kafin komai, a cikin makon nan, a fitar da buhunan daga inda suke a kai su aji mai busasshen ƙasa, tunda ana hutu azuzuwa a sake suke. A buɗe su a gaban wakilin makaranta, da na iyalin Malam, da namu, a shanya abin da ya jiƙe a inuwa, a rubuta komai a rajista, kowa ya sa hannu. Kaye ɗin a ware su daban. Da izinin magada za mu ɗauki hoton kowane shafi, a ajiye kwafi a gidansa, kwafi a makaranta, a kuma miƙa wa jami'ar garin nan kwafi don malamai da ɗalibanta su yi aiki da shi. Muna sane da cewa wasu labaran sun taɓa asalin gidajen da zuriyarsu ke nan da rai, don haka ba abin da za a watsa a Facebook. Masana da dattawa ne za su duba abin da ya dace a fitar da yadda za a fitar da shi.

A kwashe siminti, a mai da kantocin inda suke, a buɗe ɗakin kafin a koma makaranta a watan Oktoba. In ofis ake buƙata, a nema masa wani wuri. Mun yarda mu ɗauki nauyin mai kula da shi: ku zaɓi malami ɗaya daga cikin ƴan kwantiragi, mu za mu riƙa ba shi alawus duk wata, a rubuce, kuma dokar barin littafi ɗaya ta ci gaba. In ana son a sa sunan Malam a wani wuri, a sa a ƙofar wannan ɗakin da fenti, ya wadatar.

Ƙungiyar iyaye ta lissafa abin da Malam ke bin ta, ta kai wa magada, ko da kashi-kashi ne. Kwamiti ya soke bikin, ya fito da jerin duk wanda ya ba da gudummawa da abin da ya bayar, ya miƙa kuɗin gaba ɗaya ga iyali a gaban shaidu; wanda ke son anko ya saya da kuɗinsa. A naɗa mutum biyu, ɗaya a nan ɗaya a Yamai, su bi takardun Inna har su fito. Sannan shugaban makaranta da kansa ya jagoranci tawaga, da malamai da ɗalibai, a je a yi wa iyalin gaisuwa kafin ta fita takaba. A kuma rubuta sunayen tsofaffin malaman makarantar da ke raye da unguwanninsu, mu raba su a tsakaninmu, a fara zagaya su daga ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba.

Ranar Asabar mai zuwa da hantsi za mu zo makarantar da tabarmi da kwalaye da maganin gara, tare da babban ɗan Malam. Muna roƙon a bar wa mai gadi mabuɗin aji ɗaya, a kuma turo wanda zai tsaya a madadin hukumar makaranta. In ranar ba ta yi muku ba, ku sanar da dattawan da muka aiko muku tun farko wadda ta yi, amma kada ta wuce makon nan, don sama na haɗa hadari kusan kowace yamma.

Wassalamu alaikum.

Ɗalibarsa, malamar makaranta a Damagaram,
a madadin tsofaffin ɗaliban marigayi Malam.